Kamara mai telemetir a zafin Damagaram: wa ta taɓa ƙame wa a hannu?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Na san masu riƙe da kamarar dijital mai telemetir, wato wadda ake daidaita mata nisa da hannu har hoto biyu su haɗe a tagar leƙawa, a garin nan da yatsu ma a ƙirga su, amma su nake nema. Ɗan kawuna da ke Beljiyam ya samo wata ta hannu, yana tambaya ko ya saya mini in riƙa biyansa a hankali. Kuɗin ba na wasa ba ne. Kafin in ce to, ina son jin ta bakin waɗanda suka yi aiki da irinta a nan, cikin ƙurarmu da zafinmu. In ka ɗaga ta ka danna, tana amsawa nan take? Kuma tana barin mutum a tsakiyar aiki? Roƙona ɗaya: mai ba da labarin abin da ya same shi ya bar sunan kamfani da na shago, don sau da yawa ba a tantance ko kamara ce, ko kati, ko batir.

Na Ƙofar Fada

Wa alaikumus salam. Ƙanena, maganar amsawa sai an raba ta biyu. In tana farke, babu mai shan gabanta. Kai ka riga ka daidaita nisa da hannunka, ita ba ta da wani neman fokas da za ta tsaya yi, kana dannawa ta ɗauka. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar barci ce.

Ranar hawan Sallah ina tsaye ƙofar fada tun hantsi, kamara rataye a wuya. Ana ta jira. Can sai kakaki ya tashi, dogarai suka buɗa hanya, wani saurayi ya sako doki a guje, ya zo gaban mutane ya ja linzami, dokin ya miƙe da ƙafa biyu, ƙura ta turnuƙe. Na ɗaga, na danna, shiru. Ta yi barci tun ɗazu don ajiye batir, kuma farkawar tawa na cin kusan daƙiƙa biyu. Da ta farka doki ya riga ya sauke ƙafa, abin da na samu bindinsa ne da bayan wani dogari. Daƙiƙa biyu a baki ba komai ba ne, a filin sukuwa kuwa an gama.

Yanzu duk ranar taro kashe barcin nake yi gaba ɗaya a cikin saiti, in cika aljihu da batir. In aikin yawo ne kawai, na saba wa yatsana taɓa maɓalli rabi tun kamara na ƙirji, kafin ta iso ido ta farka. Sai kuma jera hotuna. Kada ka ɗora yatsa ka bar shi yadda ake yi da manyan kamarorin ƴan jarida. Bayan ƴan hotuna za ta tsaya cik, jar fitilar baya na ƙiftawa, kai kuma kana kallon abu na wucewa.

Hajiya Mai Hoton Biki

Malam Na Ƙofar Fada, kai ka yi sa'a, barci kawai taka ta yi. Ni suma tawa ta yi. Wani kamu ne a Sabon Gari cikin watan Afrilu, ɗaki cike da mata, ba wuta, fanka a tsaye, ga turaren wuta. Ina amfani da allon baya don in ga abin da nake ɗauka, tun da ɗakin da duhu. Na ji jikinta ya ɗau zafi a tafin hannuna. Daidai lokacin da za a fesa wa amarya turare, allon ya tsaya a kan hoto ɗaya. Na danna, ko gezau. Na kashe, ba ta mutu ba, fitila na ci. Dole na tsuguna a gefen gado na kwance farantin ƙasa, na zare batir, na mayar, ga uwar amarya tsaye a kaina tana cewa "ƴar nan, lafiya?" Da ta dawo hayyacinta, hotunan ƙarshe babu su.

Wannan farantin ƙasan ma abin magana ne. Sai ka cire shi ɗungurungum kafin ka kai ga batir ko kati, hannu ɗaya kamara, ɗaya batir, shi kuma sai dai ka danne shi a hammata.

Ɗan Birni, ni dai shawarata a taƙaice: aikin da aka biya ka, wanda ba a maimaitawa, kada ka je shi da ita kaɗai. Ba a sake kamu don mai hoto. Ni yanzu da ƙaramar kamarata marar madubi nake cin abinci, waccan kuwa ta ranar hutu ce.

Mai Gyara na Dole

Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Zafi na ciki, ba musu. Littafin irin waɗannan kamarori yakan ce a yi aiki da su daga digiri 0 zuwa 40, mu kuwa Afrilu da Mayu a inuwa ma ana wuce 40. Ga jikinta ƙarfe, sau da yawa baƙi, ga allon baya da ke sa sensa, wato idon lantarkin da ke karɓar hoto a ciki, aiki ba hutu. Amma bari in tambaye ki, katin da ke ciki ranar a ina kika saye shi?

Aikina waya ne da ƙananan na'urori, kuma mafi yawan kamarorin da aka kawo mini da sunan sun ƙame, da na canza kati sai su miƙe. Kasuwa cike take da katin jabu. A jiki an rubuta giga 64, ainihin cikinsa bai kai rabin rabin haka ba, an dai yi masa dabara yana faɗin ƙarya. Yana karɓar hoto lafiya har ya cika gurbinsa na gaskiya, daga nan ya fara taka na baya, ko kamara ta tsaya tana jiran amsar da ba za ta zo ba. A waya sai ka daɗe ba ka gane ba. Kamara kuwa fayil ɗinta babba ne, nan da nan asiri ke tonuwa.

Abin da Malam Na Ƙofar Fada ya faɗa na tsayawa bayan ƴan hotuna, wannan ba lalacewa ba ce. Ku dubi mai sayar da mai a bakin hanya: in ya tuttula a mazurari fiye da yadda bakin kwalba ke sha, dole ya dakata. Kamara na da ƴar ma'ajiya ta wucin gadi, tana tara hoto a nan tana ɗura wa kati a hankali. Jar fitilar alamar ɗurawa ce. Wanda ya zare batir ko kati tana ƙiftawa, abin da bai sauka ba ya tafi, wani lokacin har da na baya. In ta ƙame, a ba ta minti ɗaya ko biyu a inuwa tukuna.

Sabon kati a gwada shi a kwamfuta, a cika shi taf a ga ko zai mayar da abin da aka zuba. A goge shi a cikin kamarar kanta, kada a riƙa yawo da shi daga waya zuwa kamara. Tsofaffin samfura kuma ƙaramin kati suke so, giga 8 ko 16.

Hajiya Mai Hoton Biki

Katin daga waje aka kawo mini shi a kwalinsa, kuma har yau yana aiki a ɗaya kamarar ba gardama. Ba kowace suma ce ta kati ba, Malam.

Malamin Jami'a

Hajiya ta yi gaskiya. Ɗan Birni, ba ka faɗa mana samfurin ba, alhali kowane zamani da ciwonsa, kuma wannan ba sirri ba ne, abu ne da duniya ta sani.

Ta farko a dijital Epson R-D1 ce, a 2004, mai megafiksel 6. Ita har lokacin da babban yatsa ake ɗana labulenta, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga in an danna, bayan kowane hoto. Leica ta shigo da M8 a 2006. Tacen da ke gaban sensarta siriri ne ƙwarai, hasken infrared, wanda ido ba ya gani, na ratsawa, sai baƙin yadi na roba ya fito ja-ja mai ruwan shuni. Kamfanin ya amsa, ya raba wa masu saye tacen da ake ɗaurawa a bakin objektif, wato gilashin gaban kamara. Ka yi tunanin taron mata da baƙaƙen abaya, ka ga inda za a kwana in babu wannan tacen.

M9 ta fito a watan Satumba na 2009, megafiksel 18, sensa irin CCD mai girman fim na milimita 35. Mutane na son launinta har gobe. Tana ɗaukar hoto 2 a daƙiƙa, bayan 7 ko 8 ta tsaya ɗurawa, allonta kuma ƙarami ne marar kaifi, ba ka iya tabbatar da fokas a kai. Babban ciwonta shi ne gilashin da ke rufe sensa, wanda laima ke ci a hankali. Leica ta amince da haka a 2014, ta fito da sabon gilashi a 2015, ta yi ta canzawa kyauta zuwa 2017, sannan a 2020 ta sanar cewa sensar ta ƙare, babu sauran canji. Kada wani ya ce ai Damagaram busasshiya ce. Kamarar ba a nan ta yi ƙuruciyarta ba, wadda ta kwana shekaru a Beljiyam ko Kwatano ta riga ta sha laimarta. In wannan ce, a nemi takardar canjin sensa, a duba shekarar, don wadda aka canza kafin sabon gilashin ya fito tana iya sake kamuwa.

M 240, wadda ta shiga kasuwa a 2013, ita ta kawo sensa irin CMOS da kallo ta allo da bidiyo da babban batir, sai dai ta yi kauri, kuma an san ta da nauyin tashi. M10 ta 2017 ta rame, ta fi sauri, amma batirinta ya ƙanƙance. M11 ta 2022 ta yar da farantin da Hajiya ke kuka da shi, ta sa USB-C da ma'ajiyar ciki ta giga 64, megafiksel 60. Ita da sensa take auna haske, don haka da an kunna ta labule ke buɗewa, in ka danna sai ya rufe, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Masu ita a ƙasashe da dama sun yi ƙorafin ƙamewa a farkon fitowarta, aka yi ta sabunta manhajar ciki. Wato sabuwa ma ba ta tsira don sabuntarta ba.

Akwai kuma Pixii ta Faransa, da ake haɗawa a Bezanson: ba allon baya, ba ramin kati, a waya ake duba hoto. Na ambace ta don cikon bayani ne, ban ga mai ita a nan ba.

Baba Tsohon Studiyo

Ƴaƴana, duk kuna ta maganar lantarki, kun bar wanda ya fi cin mutum. Ƙamewa ai kana gani, ka san ka rasa. Akwai wanda ba ka gani sai ka koma gida.

Na yi aiki da telemetir tun zamanin fim, da Yashica da irin na Rasha, kuma wanda ke cikin na dijital bai canza hali ba, ƙarfe ne da gilashi. A bayan objektif akwai wani zobe mai gangara. In ka murɗa nisa sai ya tura wata ƴar taya da ke bakin kamara daga sama, tayar na kan hannu, hannun na juya gilashi a ciki. Shi ya sa kake ganin hoto biyu a ɗan farin gurbin tsakiya, suna matsowa har su haɗe. Sensa ba ta san ana wannan ba sam. In hannun ya goce da kaurin gashi, idonka zai ce daidai, hoto ya ce a'a.

Wani ɗana a sana'a ya ɗaura tasa a jaka bayan babur, ya bi hanyar tsakuwa zuwa wani ƙauye bayan Mirya, naɗin sarauta. Bai yar da ita ba, girgiza ce kawai. Ya yi aikinsa lafiya, ya dawo ya buɗe a kwamfuta: duk hoton kusa, kunnen mai sarauta da naɗin rawani sun fito tar, ido kuwa dishi-dishi. Da objektif na milimita 50 a buɗe sosai, wato f/1.4, mutum na nisan mita ɗaya, wurin da ke fitowa da kaifi kusan santimita 3 ne kawai. Ina wurin kuskure a nan?

Gwaji ba wuya. Ka hau soro, ka nemi eriyar waya mai nisa sosai, ko wata da dare. Murɗa objektif har ƙarshe. Hoton biyu su haɗe ɗaya, kada ɗaya ya wuce, kada ya gaza, kada kuma ɗaya ya hau saman ɗaya. Na kusa kuma ka shimfiɗa tef ɗin tela a tebur, ka tsaya a karkace, ka nufi lamba ɗaya, ka ɗauka a buɗe, ka ga a kan wace lamba kaifin ya sauka. A zamaninmu da sukudireba muke gyara abinmu a kan tabarma.

Mai Gyara na Dole

Baba, Allah ya ƙara girma, amma kada yara su ji wannan ta ƙarshen. Fim na yafiya, megafiksel 24 ba ya yafewa. Gaskiya ne tayar na da ramin makulli na milimita 2 da ake daidaita nesa da shi, sai dai in ka gyara nesa kusa na iya gocewa, wannan kuma wani sukurun ne daban. Na sama da ƙasa ma a wasu samfuran sai an ɓamɓare tambarin gaba. Ni ba na taɓawa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Baba Tsohon Studiyo

To ɗana, in kai ba ka taɓawa, wa zai taɓa? Nan ne maganar take.

Ɗan Zango

Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tawa labulenta ne ya tsaya, ta rubuta saƙon kuskure a allo, shi ke nan. Na tambaya a nan, na tambaya Yamai, na aika hotonta Kano, kowa ya ce ba ya buɗe irinta. Aikawa ta hanyar sufuri kuma ga inshora, ga kuɗin kwastan a dawowa, ga fargaba. Daga ƙarshe wani ɗalibi mai komawa Faransa ya tafi da ita. Ta tafi da damina, ba ta dawo ba sai da sanyi ya shiga, don bayan layin wurin gyara sai da na jira mai zuwa gida. An yi aikin da kyau, ba ni da ta cewa a nan. Amma Bature in tasa ta tsaya, ranar zai kai ta shago a ba shi ta aro. Mu kuwa duk abin da ya wuce kati da batir, watanni ne. Ɗan Birni, in za ka yi lissafi, ka sa wannan a cikin farashin.

Duk da haka ban sayar ba. A lungunan Birni, ko wurin majema, ko ranar Alhamis a kasuwa, mutane ba sa ɗaukarta da muhimmanci, gani suke tsohuwar kamara ce. Ba sa gyara tsayuwa, ba sa tsuke fuska. Ta tagar leƙawa kuma kana ganin abin da ke wajen firam, ka ga yaro da amalanke tun kafin ya shigo. Ina sa objektif na 35 a f/8, nisa mita 5, daga kamar mita biyu da rabi zuwa can nesa duk da kaifi. Da ranarmu gudun labule na kai 1/1000 ba wahala. A haka ko telemetir ya ɗan goce ba ruwana.

Ƴar Kara-Kara

Ku gafarce ni manya, ni ɗaliba ce a harkar. Tawa Fujifilm X100 ce, tagarta ma a gefe take. Tana cikin wannan lissafin?

Malamin Jami'a

A'a ƙanwata, siffar ce kawai. Taki da kanta take neman fokas, ba ta da tayar da Baba ya kwatanta, girgizar babur ba za ta karkata mata ido ba.

Na Ƙofar Fada

Ba wanda ya yi maganar hunturu. Waɗannan kamarori ba su da na'urar kakkaɓe sensa da kansu, kuma tun da ba zum gare su ba, hannu na yawan kaiwa ga canza objektif. Watan Janairu in ka buɗe ta a fili, ka shirya zaman goge ɗigo a kwamfuta. Ni tun daga ɗaki nake zaɓar gilashi ɗaya in wuni da shi. Ƴar tagar gaba ma in ƙura ko maiƙon yatsa ya hau ta, farin gurbin tsakiya sai ya dushe, ka ɗauka lalacewa ce. Haka ɗigogin nan shida, fari da baƙi, da ke gindin objektif, waɗanda kamara ke karantawa ta gane wane gilashi aka ɗaura: in datti ya rufe su sai ta rikice, gefen hoto ya canza launi. Ƙyalle mai laushi ya ishe su.

Ɗan Birni

Madalla, Allah ya saka. Na yi magana da ɗan kawun nawa, ya ce daga cikin masu CCD ce, kuma mai ita bai ambaci wata takarda ba. Yaya zan bambance ƙura da cin gilashi daga nan, tun da ba a hannuna take ba? Ya kuma ce batir ɗaya ne da ita, tsoho.

Mai Gyara na Dole

Ka ce ya tsuke objektif zuwa f/16, ya ɗauki sararin sama ko farin bango, fokas a karkace, ya turo maka ainihin fayil ɗin DNG, wato ɗanyen hoton yadda kamara ta ajiye shi, ba ta WhatsApp a matsayin hoto ba, don yana matse shi. Buɗe a kwamfuta ka faɗaɗa. Ƙura ɗigo ne mai duhu, gefensa a dushe, kuma in an hura iska aka sake ɗauka yakan gusa ko ya ɓace. Cin gilashi yakan zo da farin zobe kewaye da ɗigon, wani lokacin a tare wuri ɗaya, kuma yana nan daram komai gogewa. In ka ga haka, ko da a lungu ɗaya ne, ka bar masa kayansa.

Ya kuma jera hotuna har ta tsaya, ya ɗauki bidiyon jar fitilar da waya, mu ga tsawon lokacin da take ci da kati mai kyau. Batir kuwa ya ɗora shi a tebur ya juya shi da yatsa, in yana lilo ya kumbura. Tsohon batir na iya nuna rabi sannan ya faɗi daidai lokacin da labule ke ja, ita ma hanyar ƙamewa ce. Ya haɗo da sabo biyu daga can, a jakar hannu, don ba a yarda a sa su a kayan da ke shiga ƙasan jirgi ba. In sun iso kada ka yi cajinsu kai tsaye a ƙaramin janareta. Kawo cajar shago in auna ta tukuna, ina nan kullum bayan la'asar ban da Juma'a.